Ƙofar da Aka Hana Rufewa Ranar Juma'a

Ranar 1 ga Janairu, 1567, aka yi shela a birnin Garnaɗa da ke kudancin Sifaniya, da sunan Sarki Filib na Biyu. An ba mutanen garin, jikokin Musulmin Andalus, shekara uku su koyi Sifaniyanci. Bayan nan duk wanda aka ji Larabci a bakinsa, a kasuwa ne ko a ƙuryar ɗakinsa, ya yi laifi. Mata su daina lulluɓe fuska, su daina ƙunshi. A rushe gidajen wanka. A bar sunayen kaka da kakanni. Sai kuma wadda ta fi tsaya mini a rai tun ranar da na fara karanta ta: kowane gida ya bar ƙofarsa a buɗe ranar Juma'a da ranar biki, domin mai wucewa ya ga abin da ake yi a ciki.

Mutanen da aka kafa wa wannan doka, a takarda duk Kiristoci ne. An yi musu baftisma, an yi wa iyayensu, wasu har kakanninsu, fiye da shekara sittin ke nan. Suna zuwa coci ranar Lahadi, ana kiran suna, wanda bai zo ba a ci shi tara. Duk da haka sarki bai natsu ba, yana so ya leƙa tsakar gida.

Mu a nan mun san labarin Andalus, amma yawanci ta bakin mai wa'azi muka san shi. A faɗi girman masallacin Ƙurɗuba, a faɗi kyan fadar Alhamra, a ce Musulmi sun yi kusan shekara ɗari takwas sannan sakaci da rarrabuwar kai suka cinye su, a yi salati a tashi. Shekaru ɗari da ashirin ɗin da suka biyo bayan faɗuwar Garnaɗa ba a cika tsayawa a kansu ba, alhali a ganina su suka fi shafarmu. Abin da na fahimta daga cikinsu shi ne, duk hukumar da ta tilasta wa mutane addini, ita da hannunta take haifar da gaurayen addinin da gobe za ta zo tana hukunta su a kansa. Kuma tunda ba ta da idon ganin zuciya, sai ta koma binciken tukunya da tufafi, in ta gama da su ta gangara kan jini.

Da alkawari aka fara. A watan Nuwamba na 1491 sarkin Garnaɗa na ƙarshe, Abu Abdullahi Muhammad, ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa gari ga sarakunan Kiristocin Sifaniya, Fardinan da Izabela, aka shiga garin ranar 2 ga Janairu, 1492. Yarjejeniyar ta ce Musulmi su riƙe masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu, ba wanda za a tilasta wa barin addininsa. Yahudawa ba su sami ko wannan ba, domin a ƙarshen Maris na shekarar aka ba su zaɓi, ko baftisma ko barin ƙasa kafin ƙarshen Yuli. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin yi da nasa, sai dai Musulmin Garnaɗa suna riƙe da takarda mai hatimin sarki, kuma babban bishop ɗin da aka fara turo musu, Hernando de Talavera, mutum ne mai lallashi. Ya sa limamansa su koyi Larabci, yana ganin a hankali za a jawo mutane. Shekara bakwai aka yi a haka, waɗanda suka shiga Kiristanci ba su taka kara sun karya ba. A 1499 Sisneros, babban bishop na Toledo, ya iso da gaggawarsa. Aka fara baftismar taro, aka tara littattafan Larabci a dandalin gari aka cinna musu wuta, aka ware na likitanci. Unguwar Albayazin ta yi bore, ƙauyukan duwatsun Alfuharas suka biyo baya, masarauta kuwa ta ce tunda sun ɗaga makami, yarjejeniya ta warware.

A 1502 doka ta fito ga dukan ƙasar Kastila, masarautar Sifaniya da Garnaɗa ta koma ƙarƙashinta: ko baftisma ko fita. A dubi irin fitar da aka ba su. Ba za ka tafi da zinariya ko azurfa ba, ba za ka nufi Arewacin Afirka da ke tsallaken ruwa ba, kuma dokar korar ta hau kan namijin da ya kai shekara 14 da macen da ta kai 12 ne, ƙananan yara ba sa cikin masu tafiya. Wace uwa ce za ta hau jirgin ruwa a kan wannan sharaɗi? Zuwa 1526 an yi wa Musulmin Aragon da Balansiya irin haka. Daga nan aka laƙaba musu suna Morisko, sunan raini da aka tsago daga kalmar da suke kiran Musulmi da ita.

Malamai biyu na mazhabar Malikiyya, mazhabarmu, sun yi magana a kan halin waɗannan mutane, kuma maganganunsu sun yi hannun riga. Ahmad al-Wansharisi na birnin Fas da ke Maroko ya ba da fatawa a 1491 cewa zama a ƙarƙashin mulkin Kirista haramun ne, hijira wajibi ce, ko da kuwa mai mulkin adali ne. Cikin abubuwan da ya ji tsoro har da ɓacewar Larabci daga bakin 'ya'ya, ya kafa misali da Musulmin garin Abila da suka riga suka rasa harshen. Shi kuwa Ahmad bin Abi Jumu'a, wanda ake wa laƙabi da Bawaharane, a 1504 ya aika musu wata takarda da ta fara da kiran su 'yan'uwa masu riƙe da addininsu kamar mai riƙe da garwashi. Bai ce musu ku taso ba, domin ya san ba hanya. Ya ce ku yi salla ko da da ishara ce. Wadda ta kuɓuce muku da rana ku rama da dare. In ba halin alwala, ku shafa hannu a bango. In an kai ku gaban gunki an ce ku durƙusa, ku durƙusa da niyyar Allah kuke wa. In an ɗura muku giya ko an tura muku naman alade, ku ci kuna ƙinsa a zuci, kuna riƙe da cewa haramun ne. Zakka ku fitar da ita kamar kyauta ce kuke wa mabuƙaci. In an matsa muku ku furta kalmar kafirci, ku nemi lafazi mai harshen damo, in bai samu ba ku furta, zuciya na musantawa. Tushen maganarsa ayar nan ce ta Suratun Nahli da ta yi rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani, wadda malaman tafsiri ke dangantawa da abin da ya sami Ammaru ɗan Yasir a Makka.

Ni ina bayan Bawaharane, ba na ɓoyewa. Mai zaune a Fas cikin aminci yana iya cewa kowa ya taso, amma manomin zaitun mai 'ya'ya shida da tsohuwar uwa, wanda aka tsare masa tashar jirgi, fatawar da za ta ce masa zamanka zunubi ne ba ta ƙara masa komai sai nauyi a kan nauyi. Sai dai adalci ya sa in faɗa, abin da Wansharisi ya ji tsoro ya faru. Rangwamen da aka yi wa mutum ɗaya na kwana ɗaya a hannun Ƙuraishawa ya zama rayuwar al'umma guda har tsawon ƙarni. Wanda aka yi wa baftisma yana babba ya san abin da yake ɓoyewa. Ɗansa ya san rabi. Jikansa kuwa ya tashi ya tarar a gidansu ana wanka a sa fararen kaya ranar Juma'a, akwai watan da ba a cin abinci da rana, ana raɗa wa jariri wani suna bayan an dawo da shi daga coci an wanke masa goshi da ruwan ɗumi, amma addu'ar da ya fi iyawa a baki ita ce wadda limamin coci ya koya masa.

A nan ajami ya shigo, kuma da na ce ajami ina nufin kalmar tamu ɗin nan. Moriskawan Kastila da Aragon da Larabci ya kuɓuce musu sun riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, kamar yadda malamanmu suka rubuta Hausa da Fulatanci. Sifaniyawa na kiran rubutun alhamiyado, daga al-ajamiyya. A 1884 magina suna aiki a wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid da ke Aragon, suka ɗaga daɓe suka tarar da wani daɓen a ƙasa, tsakaninsu cike da littattafai: Alƙur'ani da fassararsa, fiƙihu, ƙissoshin annabawa, addu'o'i, laƙanin magani. Mai su ya jera su ne da niyyar zai dawo, ko wani nasa zai dawo. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar kakansa ya ga takardun da suka yi ja, da baƙin tawada da jan wasali, ya san kamannin abin da maginan nan suka gani.

A cikin irin waɗannan rubuce-rubuce akwai na wani matashi da ba a san shi da suna ba sai Saurayin Arebalo. Ya zaga ƙasar a farkon ƙarni na 16 yana neman tsofaffin da suka rage da ilimi, har ya sami wata tsohuwa a Garnaɗa da ta haura shekara casa'in, wadda ta ga faɗuwar garin da idonta. Ya rubuta wa 'yan'uwansa littattafan koyon addini da tsarkake zuciya. Da masu bincike na zamaninmu suka duba, sai suka tarar wasu sassan ya ɗebo su ne daga wani sanannen littafin zuhudu na Kiristoci, ya sauya musu riga, ya jingina su ga malaman Musulunci. Wani zai ce ha'inci ne. Ni abin da nake gani yaro ne da aka ƙone ɗakin karatun kakanninsa, ya tashi a hannun limaman coci, yana son ya gaya wa mutanensa su ji tsoron Allah su raina duniya, kalmomin da ke kansa kuwa su ne waɗanda aka zuba masa. Da ƙwaryar da ya samu ya ɗebi ruwan.

Mafi ban mamaki shi ne littattafan dalma. A 1588 ana rushe tsohuwar hasumiyar babban masallacin Garnaɗa don faɗaɗa coci, aka tsinci akwati da wata fata mai rubutun Larabci da Latin da Sifaniyanci. Daga 1595 zuwa 1599 kuma aka riƙa tono wasu faya-fayan dalma, kowanne bai wuce tafin hannu ba, a kogunan wani tudu da ke bayan gari, tare da ƙasusuwa da toka. Rubutun Larabci ne da wasu haruffa masu kusurwa. Abin da suke cewa: waɗanda suka fara kawo Kiristanci Garnaɗa tun zamanin manzannin Annabi Isa Larabawa ne, cikinsu har da Sesiliyo, waliyyin garin. Nana Maryamu ta yabi Larabawa da harshensu, ta ce ta hannunsu gaskiya za ta yi rinjaye a ƙarshen zamani. Kalmar shahadar da ke cikinsu ita ce babu abin bauta wa sai Allah, Isa ruhin Allah ne. Musulmi zai karanta bai ji an taɓa tauhidinsa ba, Kirista zai karanta ya ga Isa da Maryamu a kowane shafi. Babban bishop na lokacin, Pedro de Castro, ya gaskata su da zuciya ɗaya, ya gina majami'a a kan tudun, wanda tun daga nan ake kira Sakromonte, wato tudu mai tsarki. Masana tarihi sun fi zargin wasu Moriskawa biyu masu yi wa fadar sarki tafinta, Miguel de Luna da Alonso del Castillo, da hannu a ƙirƙirar su. An kai faya-fayan Rum a 1642, Fafaroma ya yanke a 1682 cewa ƙage ne mai ɗauke da aƙidar Musulunci, ba a mayar da su Garnaɗa ba sai a shekarar 2000. Ƙasusuwan kuwa coci bai soke su ba, har yau mutanen garin na hawa tudun a farkon Fabrairu don bikin waliyyinsu.

Ƙarya ce aka binne a tudun nan, kuma ƙirƙirar wahayi ba ƙaramin abu ba ne a wurin Musulmi ko Kirista. Ba na wanke masu yin ta. Amma ina tambayar kaina irin ƙuncin da zai sa mai ilimi ya zauna cikin dare yana sassaƙa dalma, don kawai ya shawo kan maƙwabcinsa cewa mai jin Larabci ma ɗan gari ne. Sun ga abin da ke tafe, suna neman inuwar da za ta ɗauke su su da waɗanda ke shirin korarsu, sai suka gina ta da abin da addinan biyu suka yi tarayya a kai. Da an bar kowa da masallacinsa da cocinsa kamar yadda aka rubuta a 1491, ba wanda zai buƙaci wannan.

Ita kuwa kotun binciken aƙida ta coci, wadda aka kafa a Sifaniya tun 1478, aikinta ya koma na leƙen asiri. Akan karanta wa jama'a jerin alamomin da za su gane mai Musulunci a ɓoye, a ce wanda ya gani bai kai rahoto ba shi ma ya yi zunubi. Wanda ke sauya kaya ranar Juma'a. Wanda ke wanke hannu da fuska da ƙafa. Wanda aka miƙa wa naman alade ya ce ya ƙoshi. Matar da ke suya da man zaitun ba da kitsen alade ba. Wanda ya yi wa gawarsa wanka ya naɗe ta a sabon ƙyalle. Har cin kuskus a zaune a ƙasa ya shiga takardun shari'a. Aka sa ungozoma ta zama Kirista ta asali, don kada a yi wa jariri kaciya ko kiran salla a kunne. Maƙwabci ya zama ɗan rahoto, baiwa ta zama abin tsoro ga uwar gijiyarta, iyaye suka riƙa ɓoye wa 'ya'yansu addini har sai sun yi wayon riƙe baki.

Wani dattijo daga manyan gidajen Garnaɗa, Francisco Núñez Muley, wanda ya yi hidima a gidan Talavera yana yaro, ya rubuta wa shugaban kotun garin takardar koke a kan dokar 1567. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma har yau ban ga inda ta karye ba. Ya ce tufafin matanmu tufafin yanki ne, kamar yadda kowane lardi ke da nasa. Ya ce Kiristocin Ƙudus da na Malta da Larabci ko ɗan'uwansa suke magana, ba wanda ya ce ba Kiristoci ba ne. Gidan wanka na tsabta ne, maƙeri da manomi suna buƙatarsa. Ya tuna musu cewa Talavera da kansa ya bar makaɗan Moriskawa su bi jerin gwanon idin coci, har yakan juyo a tsakiyar ibada ya sa wa jama'a albarka da Larabci. Ba a saurare shi ba. Daren Kirsimeti na 1568 Alfuharas ta sake ɗaukar makami. An yi ta'asa ta kowane ɓangare, 'yan tawaye sun kashe limaman coci da Kiristocin ƙauyuka kisan wulaƙanci, sojojin sarki sun karkashe garuruwa sun sayar da mata da yara bayi. Da aka gama a 1571, an kwashe kimanin mutum 80,000 daga Garnaɗa an warwatsa su cikin Kastila.

Masu kare Sifaniya suna da magana, kuma ya kamata a ji ta. Daular Usmaniyya ta Turkawa na kan ganiyarta, jiragen 'yan fashin teku daga Aljiyas na kai hari gaɓar Balansiya suna kwasar mutane, kuma akwai Moriskawan da suka yi wasiƙa da Turkawa da Faransawa suna neman ɗauki. Ita kanta takardar Bawaharane ta yi fatan zuwan Turkawa. Tsoron ba na banza ba ne. Amsata ita ce, wa ya tura su can? Mutumin da ka karya wa alkawari, ka ƙone littafinsa, ka hana shi harshensa, ka ce ko ya bi addininka da gaske ba zai riƙe muƙami ba, in ya leƙa teku yana jiran jirgi, kai ka nuna masa tekun.

Wannan na ƙarshen shi ne gubar da ta fi kowacce. Tun 1449 a Toledo aka fara dokokin da suke kira tsarkin jini, a kan Yahudawan da suka shiga Kiristanci, daga baya suka haɗa da jikokin Musulmi. Kafin ka shiga wasu makarantu ko ƙungiyoyin coci ko manyan muƙamai, sai an bi salsalarka an tabbatar babu Bayahude ko Musulmi a kakanninka. Ka ga an rushe ma'anar baftismar da aka tilasta musu ke nan. An ce ku shigo, sun shigo, an ce ai jininku bai shigo ba. Saboda haka da Filib na Uku ya yanke hukuncin kora a 1609, ba a tsaya tantance wa ke salla a ɓoye, wa ya zama Kirista na gaske ba. A Balansiya aka fara shela ranar 22 ga Satumba, aka ba mutane kwana uku. Lardin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arsa, har dokar ta ce a bar gida shida cikin kowane ɗari su koya wa masu zuwa yadda ake ban-ruwa da sarrafa rake. Zuwa 1614, da aka fitar da mutanen kwarin Rikote, waɗanda maƙwabtansu suka shaida Kiristancinsu, an kori kimanin mutum 300,000.

Tsugune ba ta ƙare ba a tsallaken ruwa. A Tunis, mai mulkin ƙasar Usman Dey ya karɓe su hannu biyu, suka kafa garuruwa irin su Tastur. Amma al-Maƙƙari, malamin tarihi ɗan Tilimsan da ya rayu a zamanin, ya rubuta yadda ƙauyawa suka tare su a hanyoyin Tilimsan da Fas suka yi musu fashi. Sun sauka da kayan Turawa, da sunayen Turawa, da yawansu ba sa jin Larabci, har sai da malamansu a Tunis suka rubuta musu littattafan koyon addini da Sifaniyanci. A can an kore su don an ce Musulmi ne, a nan ana musu kallon Nasara. Wasu daga waɗanda suka tsallaka tun kafin korar sun shiga aikin soja a Maroko, kuma 'yan bindigar Andalus na cikin rundunar Judar Basha, shi ma haifaffen Sifaniya, da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Ta wannan hanya ma labarin ya iso bakin kogin Kwara.

Na san mai karatu zai ce, to kai yanzu kare gauraya addini kake yi? A'a. Garwaya tauhidi da wani abu ɓata ne, kuma aikin malami ne ya faɗa, ya karantar, ya yi ta faɗa. Mu ma muna da namu tarihin. Tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Dirki, abin da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu shekara da shekaru, har zamanin Sarki Alwali da ya sa aka farke shi da gatari, aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Irin wannan gaurayen na mutanen da suka karɓi sabon addini ba su saki tsohuwar al'ada ba ne, maganinsa karantarwa. Abin da nake ƙi shi ne a ba hukuma, ko taron unguwa, ikon yanke wa mutum hukuncin abin da ke zuciyarsa ta hanyar duban girkinsa da rigarsa da kakansa. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce Shehu al-Kanemi na Borno ya yi da Muhammadu Bello a wasiƙunsu bayan 1808, inda ya tsaya a kan cewa saɓo da bidi'a ba sa mayar da mai salla kafiri, su kuma malaman Sakkwato suka kawo nasu hujjojin. Tun kafin su, Manzon Allah (SAW) ya tambayi Usama ɗan Zaidu, da ya kashe wanda ya furta shahada a fagen yaƙi, ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani.

Laifi tudu ne. A daidai shekarun da ake korar Yahudawa daga Sifaniya, Shehu Magili, wanda muke alfahari da zuwansa Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamanɗiɗ a yankin Tuwat da ke Aljeriya ta yau, alƙalin yankin al-Asnuni yana cewa suna da alkawarin zimma, ba a taɓa su. A shekarun ne kuma Sarkin Musulmin Turkawa Bayazidu na Biyu ya buɗe wa korarrun Yahudawan garuruwan daularsa. Duka ukun Musulmi ne masu hujja daga littafi. Ina girmama Magili a kan abin da ya bar wa Kano na tsarin mulki da shari'a, amma a wannan mas'ala ina ganin alƙalin ne ya dace.

Abin da ya sa duk wannan bai zama mini tsohon labari ba, wata kalma ce da muke da ita, tubabbe. Ba mu kafa kotu ba, ba mu kori kowa a jirgin ruwa ba, kuma ba na haɗa girman abin da aka yi a can da namu. Amma lissafin iri ɗaya ne. Mutum ya musulunta, ɗansa ya tashi a Musulunci, jikansa ya sauke Alƙur'ani, ana nan ana ce musu tubabbu. Ta ɗaya gefen kuma Bahaushen da gidansu Kiristoci ne tun kakanni kullum sai ya amsa tambayar wai shi Bahaushe ne na gaske.

Shekarun baya na shiga cikin masu nema wa wani yaron unguwarmu aure. Kakansa ya musulunta zamanin Sardauna. Shi yaron mahaddaci ne, shi ke jan mu tarawihi, in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba. Muka je da goro da alewa, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka gaisa, aka yi addu'a. Baffan yarinyar, wanda shi ne waliyyi, ya yi shiru yana jan carbi, can ya dubi babbanmu ya ce, "Malam, wallahi yaron nan ba mu da abin cewa a kan halinsa ko addininsa. Sai dai ka san gida yana da manya, kuma gwaggonninta sun bincika. An ce asalinsu tubabbu ne."

Babbanmu ya ce, "Alhaji, ai Sahabbai ma duk tubabbu ne."

Ya ce, "Haka ne, Malam. Allah dai ya haɗa kowa da rabonsa."

Muka tashi. Goron ya dawo a bayan mota ba a kwance shi ba, ba wanda ya yi magana har muka iso. Yaron na tsaye a ƙofar masallaci yana jiran mu, ya dubi fuskokinmu bai tambayi komai ba, ya karɓi ƙunshin goron ya kai cikin gida. Ranar liman ba ya nan, da aka tayar da iƙamar lisha shi ya shiga gaba, kuma ƙanin Alhajin, wanda yake zaune a zauren lokacin da aka yi maganar, yana sahun farko.